Ƙadangaren bakin tulu: yaron da lakwal ta rasa yadda za ta yi da shi

A kusan kowane aji na CM2 ko na koleji a garin nan na Damagaram akwai wani yaro da malamai suka sani sarai, ko da ba su taɓa zama sun yi shawara a kansa ba. Shi ne wanda in an ce a rubuta insha'i a kan yadda aka yi hutu, da ƙyar zai haɗa layi huɗu, ya ajiye bik, ya zuba wa taga ido. Amma tare shi a bakin ƙofa ka tambaye shi abin da ya sa jan-gwada yake gyaɗa kai, to ka nemi wurin zama, don ba yanzu za ka tafi ba. Ya san ramin damo, ya san reshen da hawainiya take kwana, ya san bambancin sawun ƙadangare da na kulɓa a kan rairayi. A takardar sakamako an rubuta masa rago. A gida ana kiransa gardi, a haɗa masa da ranƙwashi. Ni kuwa ina da'awar cewa a ajin nan kaf babu wanda ya fi shi kusa da iya rubutu, kuma mu malamai da iyaye mu muka haɗa baki muka toshe masa hanya.

Mu fara da abin da muke kira redaksiyon, tunda a nan gizo ke saƙar. Batutuwan da muke ba yara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma su aka ba mu, su aka ba waɗanda suka koyar da mu: ka ba da labarin hutunka, ka siffanta ranar babbar Salla, ka rubuta wa abokinka wasiƙa, ka faɗi illar ƙaurar matasa zuwa birane. Yara ba wawaye ba ne. Tuni suka gane cewa kowane batu yana da amsarsa da ta riga ta bushe, tana yawo daga kayen wa zuwa na ƙane. Sai a haddace. Ɗauki takardu 60 ka karanta, za ka tarar yara 60 sun tafi ƙauye ɗaya wajen kaka ɗaya, an yanka musu rago ɗaya, kuma dukansu sun dawo cikin farin ciki iri ɗaya. Wanda ko Mirriya bai taɓa zuwa ba, ya je hutu ya dawo a takarda. Mushe kuma ya zaro jan bik, ya bi harafi harafi yana farautar kuskuren nahawu, ya ba da 12 bisa 20, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya tambayi yaron ko abin da ya rubuta ya faru. Wato shekara 6 muna koya wa ɗa cewa rubutu shi ne ka faɗi abin da ba ka gani ba, cikin harshen da ba ka mallaka ba, don wanda ba zai gaskata ka ba ya ba ka maki. Sannan mu dawo muna mamakin ɗan jami'a da ba ya iya rubuta takardar neman aiki sai an ba shi ta wani ya kwafa.

Kada wani ya ce ai da haka aka saba kuma ana cin riba. Gwajin PASEC na 2014, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko yaro 1 cikin 10 na masu gama firamare bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. A na 2019 an ɗan motsa, amma har lokacin ba a kai 1 cikin 3 ba. Dalilai suna da yawa, kowa ya san su: azuzuwan zana, malaman kwantiragi da albashinsu ke makara, littafi ɗaya a tsakanin yara da yawa. To amma mai rumbun da ya yi ƙasa haka ba ya watsar da tsaba. Yaron da ya zo mana da wani abu da yake ƙishirwar sani, tsaba ce a hannunmu.

Rubutu daga ido yake farawa, kuma ba sai mun je Faransa neman hujja ba. Dubi yawan sunayen da Bahaushe ya raɗa wa masu jan ciki: ƙadangare, jan-gwada, kulɓa, tsaka, damo, guza, tsari, hawainiya, kunkuru, kififiya, kada, mesa, kasa, kububuwa, gamsheƙa, kumurci. Mutanen da ba su kallon abu ba za su rarrabe shi haka ba. Wanda ya fara cewa damo sarkin haƙuri ya zauna ya kalli damo, kuma masana na yau sun tarar da gaskiyarsa: in rani ya shigo damo yakan shige rami, ya yi watanni bai sa komai a baki ba, yana rayuwa da kitsen da ya tara da damina. Wanda ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ya san bangon laka, ya san ƙadangare, ya kuma san yadda ɓaraka ke shiga tsakanin ƴan'uwa. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa: ai sai wanda ya duba hannun kunkuru. Labarin kafuwar ƙasar Hausa kansa da maciji ya fara, a rijiyar Kusugu ta Daura, kuma sunan Kaduna daga kadduna ya fito. Muna rubuta waɗannan karin magana a allo mu ce yara su haddace, sannan mu zane wanda muka kama yana yin ainihin aikin da ya haife su.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu na koleji a nan Zango da mahaifinsa ya kawo mini don darasin gida. Ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, ka cire masa ƙadangarun nan daga ka." Abin da ya kawo su shi ne an ce ajinsu su siffanta gidansu, shi kuwa ya cika shafi da labarin bangon zaure da masu zama a cikinsa. Aka ja masa layi biyu, aka ce ya fita daga batu, aka ba shi 3 bisa 20. Na karanta takardar. Faransancin a karye yake, babu sakin layi, babu farko babu ƙarshe. Amma ita kaɗai ce takardar yaro da na karanta a shekarar da na ji a cikinta wani ya ga wani abu da idonsa. Na ce wa mahaifin, "Alhaji, ba zan cire su ba, da su zan yi aiki. Ka ba ni zango ɗaya."

Ga abin da muka yi, ina faɗa ne don duk mai so ya gwada, ba ya cin kuɗin da ya wuce na kaye ɗaya. Kullum da safe kafin ya tafi lakwal, da kuma bayan la'asar, zai zauna minti 10 a gaban bangon, ya rubuta lokaci, ya rubuta abin da ya faru. Doka ɗaya ce: abin da ido ya gani kaɗai. Ban yarda da "kyakkyawa" ba, ban yarda da "mugu" ba, ban yarda da "yana jin haushi" ba, sai ya faɗa mini me dabbar ta yi har ya ce tana jin haushi. Bayan sati biyu sai ga abubuwan da ni da na girma a cikin duwatsun garin nan ban taɓa lura da su ba. Ashe da sassafe kan jan-gwada ba ja ba ne, a dushe yake, sai ya sha hantsi launin ke tasowa. Ashe kowane yanki na bango yana da namiji ɗaya mai mulkinsa, da mata masu launin ƙasa a kewaye da shi. In wani namijin ya ƙetaro iyaka, sai a fara gyaɗa kai da ɗaga ƙirji, a juya wa juna gefe, in abin ya ƙi a kai ga bulala da wutsiya. Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa. Ya ƙirga tururuwa nawa ɗaya ta lashe kafin ya gaji da ƙirga.

Daga wannan kayen na koya masa duk abin da manhaja take so. Jerin lokaci ya zama tsarin labari: safe, hantsi, la'asar, kowanne da sakin layinsa. Da na hana shi maimaita "ya gudu" sau goma, sai ya shiga neman kalma: ya sulale, ya zabura, ya laɓe, ya maƙale, ya dira, ya yi wuf, ya yi kasaƙe. Kowace da irin gudunta, kuma ya san bambancin domin ya gani. Daga nan na ce ya ba ni labari da bakin jan-gwadan, ranar da maigida ya kawo magina za su shafe bangon da siminti. Duk mai bin lungunan Zango ya san wannan ba tatsuniya ba ce, tsofaffin gidajen laka masu zane a goshi suna ta komawa bulo. Don ya rubuta abin da jan-gwada zai rasa, dole ya siffanta zaure, da azara, da indararo, da tsagar da ke bayan tulu, da inda hayaƙin madafa ya baƙanta bango. Sai ga shi ya siffanta gidansu tsaf, batun nan da aka ce ya fita daga cikinsa.

Kada a ɗauka lallashi nake wa'azi. Yaron da ke son abu yana da ciwonsa: so yake ya juye maka duk abin da ya sani a shafi ɗaya, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Labarin nan sau huɗu ya sake shi, har da hawaye. Na sa shi ya karanta wa ƙanwarsa da ƙarfi, na ce duk inda ta fara wasa da zanenta, wurin ya yi tsawo, a yanke. Abin da na lura shi ne yaro yana jure gyara mai zafi a kan abin da yake ƙauna, domin yana so ya fito daidai. A kan kakar ƙarya da ragon ƙarya kuwa, me zai sa ya sake rubutu sau huɗu?

Darasin da ya fi kowanne amfani ya zo ne da muka raba shafi biyu, gefe ɗaya "na gani", ɗaya gefen "an ce". Gefen "an ce" ya cika nan da nan. An ce tsaka tana sa kuturta. An ce in hawainiya ta cije ka ba ka kwana. An ce kulɓa ta fi maciji dafi. Na ce to, ɗauki ɗaya, wa ya ce, a ina ya gani, wa kuma zai iya sani? Ya tambayi kakarsa, ya tambayi wani tsohon maharbi, ya tambayi ma'aikaciyar lafiya ta unguwa. Ya dawo da labarin cewa kuturta ƙwayar cuta ce da wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873, daga mutum take zuwa mutum, kuma tana da magani. Ya kuma dawo da cewa tsaka da ƙadangare suna iya ɗaukar ƙwayoyin da ke sa gudawa, don haka rufe abinci da wanke hannu wajibi ne, ke nan tsoron kaka bai tashi a banza ba ko da dalilinta bai yi daidai ba. Malamai ƴan'uwana, wannan fa ita ce disertasiyon ɗin da muke wahalar koyarwa a lise: ga abin da ake faɗa, ga hujja, ga abin da ya rage na gaskiya a maganar wanda ka saɓa wa. A zamanin da saƙon murya ɗaya na WhatsApp ke iya hana unguwa guda karɓar rigakafi, yaron da ya iya raba "na gani" da "an ce" ya fi mana wanda ya haddace gabatarwa goma.

Na ƙara masa da wanda ya fi ci masa rai. Damagaram garin majema ne da dukawa tun zamanin ayarin da ke sauka a Zango, kuma fatar guza da ta mesa suna cikin abin da ake yin jaka da takalmi da su. Na ce ya rubuta ko ya dace a ci gaba, amma da sharaɗin sai ya kawo hujjar baduku yadda in baduku ya ji zai ce haka ne, ba a rage masa komai ba. Ya sha wuya. Yaron da ya iya yi wa abokin gabar abin da yake so adalci a takarda, ba na jin tsoron wani batun jarrabawa a kansa.

Duk wannan da Hausa muka fara shi, sannan muka juya zuwa Faransanci, kuma a nan ne nake jin wasu za su ɓata rai. Su ɓata. Yaro ba ya iya ɗaukar kaya biyu masu nauyi a lokaci ɗaya, neman abin faɗa da neman kalmar baƙon harshe. In ya riga ya san abin da yake so ya ce, zai bi ƙamus da kansa yana farautar kalmar Faransanci da za ta ɗauki "ya sulale", kuma wadda ya farauto da kansa ba ta ɓacewa. Abin kunyar shi ne wannan ba sabon tunani ba ne a garin nan. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Fiye da shekara 50 ke nan muna gwaji. Har yanzu akwai ajin da in yaro ya rubuta daftarinsa da Hausa a bayan kaye sai ya ɓoye kamar ya yi sata.

Yanzu ga maganar iyaye, kuma wadda ta fi ƙarfi ita ce ta tsoro. Uwa ta ce, yau ƙadangare, gobe maciji. Tana da gaskiya, ba kuma zan raina wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A yankinmu kububuwa ce uwar ɓarna, ƴar ƙarama mai goga jikinta tana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji, kuma likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun shafe shekaru suna aiki a kan wannan bala'i. Saboda haka dokata ga yaron ba ta da sassauci: ba a taɓa maciji ko mushe ne, ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba a kama komai a kawo gida, kallo daga nesa ake yi. Amma mu tambayi kanmu, su wa maciji ke sara? Manomi ne a gona ba takalmi, da mai ɗiban kara, da makiyayi, da yaron da aka aika da dare ba fitila. Jahilci ne ke kai mutum kusa da kububuwa, kuma jahilci ne ke sa a ɗaure ƙafa tamau, a tsaga wurin da reza, a tsotsa, a ɓata awanni wajen mai baƙin dutse har jini ya ɓalle. A 2015 wasu masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, suka wallafa binciken macizan Nijar, suka lissafa wajen nau'i 50, mafi yawansu ba masu kisa ba ne. Sanin wanne ne wanne ilimi ne mai ceton rai. Ga batun insha'i kyauta ga duk malamin da ke so: ka rubuta wa mutanen ƙauyenku shafi ɗaya a kan abin da za a yi in maciji ya sari mutum. A cire zobe da duk abin da ke matse jiki, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, in kuma gamsheƙa ce ta tofa a ido a wanke da ruwa mai yawa. Yaron da ya rubuta wannan da Hausar da kakarsa za ta gane ya yi aikin da ya fi 20 bisa 20.

Sai masu cewa abin ba na ɗan Musulmi ba ne, ko dai yaron yana da iska. Hukuncin kashe abu mai cutarwa na malaman fiƙihu ne, ban shiga gonarsu ba. Amma sanin halitta bai taɓa zama baƙo a karatunmu ba. Surori nawa ne ke ɗauke da sunan dabba, daga saniya zuwa ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa? Al-Jahiz na Basra, wanda ake ƙirgawa cikin manyan masu rubutun zube na Larabci, ya bar littafin dabbobi, Kitabul Hayawan, mai juzu'i 7, tun ƙarni na 9, kuma macizai da ƙadangaru suna ciki. Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, malamin fiƙihu ne, shi ma ya rubuta Hayatul Hayawan. Abin da ke ba ni mamaki da mu shi ne wannan: yaron da ya ɗauki danƙo ya kashe ƙadangaru goma don nishaɗi, ba mai cewa komai, yaro ne. Wanda ya zauna shiru yana kallon ɗaya, shi ake kai wa mai ruƙiyya.

Malamai kuma za su ce, ranar BEPC ba za a tambaye shi jan-gwada ba. Gaskiya ne. Amma za a tambaye shi ya siffanta, ya ba da labari, ya kawo hujja, kuma hannun da ya koyi waɗannan a kan bangon zaure ba zai manta su a ɗakin jarrabawa ba. A ƙarshen zangon na hana yaron nan ambaton kowace dabba har tsawon wata guda, na aike shi ya siffanta mai shayi da tashar mota da layin masu jiran ruwa a famfo. Ya yi, kuma da irin idon nan ya yi. Gerald Durrell, Baturen Ingila da ya tashi a tsibirin Korfu na Girka, yaro ne da ba ya jin karatu sai an haɗa da dabba, har malaminsa na gida ya gane haka ya riƙa shigo da dabbobi cikin tarihi da labarin ƙasa. Shi ne ya girma ya je Kamaru neman dabbobi, ya rubuta littattafan da aka fassara zuwa harsuna da dama, ya kafa gidan dabbobi a tsibirin Jersey a 1959. Na san aji mai yara 70 ba darasin gida ba ne, ba kuma na cewa mushe ya bi kowane yaro bakin bango. Amma ba wa aji damar zaɓen batu sau ɗaya a wata ba ya buƙatar izinin minista. Kuma kafin ka rubuta "ya fita daga batu" ka ja layi, ƙara jimla ɗaya: abin da ka gani yana da kyau, ga yadda za ka mayar da shi cikin batun. Minti ɗaya ne.

Akwai wani abin takaici da ya kamata ya hana mu barci. A Gadafawa, cikin hamadar jihar Agadas, aka haƙo ƙasusuwan wani kada na zamanin da, wanda masana suka ce tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Masanan Faransa, France de Broin da Philippe Taquet, su suka raɗa masa suna Sarcosuchus a 1966. Taquet ya ƙara da Ouranosaurus a 1976. A 1999 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka bayyana Nigersaurus, mai haƙora wajen 500, dabbar da ke ɗauke da sunan ƙasarmu. Yara a Amurka suna zana ta a littattafansu. Je ka tambayi ɗan CM2 na Birni ko na Garin Malam ko ya taɓa jin sunanta, alhali ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi suna nan a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A arewa maso gabashin jiharmu ga gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka, inda babban kunkurun Sahel ke haƙa ramuka masu zurfi don tsira daga zafi. Baƙi ke zuwa su kalla, su rubuta, mu saya mu karanta in mun iya harshensu. Wa muke jira ya rubuta mana wannan da Hausa, in wanda Allah Ya ba son abin muna korarsa da bulala tun yana ɗan shekara 11? André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, a kan abin da ke ƙofar gidansu ya yi suna, tarihin Damagaram da wasan kwaikwayon Tanimun. Aïcha Macky ta kafa kyamara a Kara-Kara, unguwar da mutanen gari suka saba kau da kai daga gare ta, fim ɗin ya zaga duniya a 2021.

Na yi ta cewa yaro, amma har da yarinya, kuma tata ta fi tsanani, domin ita ko tsayawa kallon ba za a bar ta ta yi ba. Joan Procter tun tana ƴar makaranta take kiwon ƙadangaru, a 1923 ta zama mace ta farko da aka damƙa wa sashen masu jan ciki a gidan dabbobi na Landan. Da a wata unguwar tamu aka haife ta, da tuni an ce aljani ya aure ta.

Babban hutu yana faɗowa ne daidai damina, lokacin da damo ke fitowa daga rami, ƙadangaru ke haƙa ƙasa suna binne ƙwai, hawainiya ke yawo a shinge. Iyaye, in kuna da irin wannan ɗa ko ƴa, ku saya masa kaye da bik da takalmi mai rufe ƙafa, ku gindaya masa dokokin da na lissafa, ku ce kowane dare bayan isha'i zai karanta muku abin da ya rubuta a ranar. Wanda ke son tantabaru ko injin babur ko saƙar tabarma, shi ma haka. Malamai kuma, in an koma a watan Oktoba, ku karɓi wannan kayen ku gyara shi a madadin labarin hutu, ku ba shi maki ya shiga cikin na zangon farko.